Wayar da Ba Ta Tsinkewa

Yayana mutumin kirki ne, amma yana da wani hali da ya daɗe yana cutarsa. Bai yarda abu mai laushi zai iya fin mai ƙarfi amfani ba, kuma idan magana ta shafi ƙarfe, ba ya jin ta kowa. Shekara talatin da biyu ya yi yana gyaran injuna a wata masana'antar saƙa. Tun yana saurayi ake kiransa Injiniya, har sunan ya bi shi gida. A gidansa babu ƙofar da ke ƙara, babu kujerar da ke rawa. Inda ƙusa biyu za su isa, shi huɗu yake bugawa. Ya taɓa yi wa mahaifiyarmu maratayin ludayi da rodin gini, muka yi ta dariya, ya ce mu yi dariyarmu, jikokinmu za su tarar da shi. Gaskiyarsa kuwa, maratayin yana nan har yau.

Da ya yi ritaya sai ya rasa inda zai sa kansa. Yakan tashi da sassafe ya sa rigar aiki, sannan ya tuna babu inda za shi. Ya kwance rediyon gidan ya mayar, ya kwance keken ɗinkin matarsa, alhali lafiyarsu lau. Ya rame, ya rage magana. Wata rana matar tasa ta zo gidana ta ce mini, idan ba mu samo wa yayana abin yi ba, nan gaba ita zai kwance ya sake ɗaurawa. Mun yi dariya, amma na ga idonta ya kawo ruwa.

Lambu ne ya cece shi. Yana da wani ɗan fili a bayan gari da ya mallaka tun yana aiki, bai taɓa waiwayarsa ba. Ƙasar tana da kyau, sai dai babu ruwa, kuma babu famfo ko rafi a kusa. Rijiya ɗaya ce a duk wajen, tana cikin lambun maƙwabcinsa, wani tsoho da kowa ke kira Baba Mai Rijiya. Ranar da Yaya ya je neman izinin ɗiban ruwa, tsohon bai bar shi ya gama magana ba. Ya nuna masa guga, ya ce ruwa ba shi ya halitta ba, ya ɗiba iya son ransa. Yaya ya rama alherin da abin da ya iya: ya yi wa rijiyar murfi, ya kafa mata ƙarfe mai juyawa don jan guga ya yi sauƙi. Cikin wata shida filin ya cika da latas da kabeji da karas da albasa. Shi ma Yaya ya cika, kumatunsa suka dawo, ya koma yin gardama a kan komai kamar da. Matarsa ta ce mini ba ta taɓa zaton za ta yi murnar jin gardamarsa ba.

Baba Mai Rijiya shi kaɗai yake zaune a wani ɗaki da ke gefen lambunsa, shi da wata 'yar gajerar akuya mai ƙananan ƙaho da yake kira Gimbiya. Matarsa ce ta rene ta da kwalbar madara kafin ta rasu, saboda haka akuyar ba ta san ita akuya ce ba. Tana bin tsohon duk inda ya sa ƙafa, tana kwana a bakin ƙofarsa, shi kuma yana yi mata hira kamar mutum. Yana da 'ya ɗaya, ma'aikaciyar jinya a cikin gari, wadda ke zaune a hawa na uku na wani gidan bene. Duk ƙarshen wata sai ta zo ta roƙe shi ya bar wahalar nan ya koma wurinta, ga shi akwai wani mai son sayen filin ya yi gini. Amsar tsohon ba ta canzawa. Sai ya dubi akuyar ya ce Gimbiya ba ta iya hawa bene ba, ranar da ta koya za su taho tare.

Yaya ya san da wannan magana, don a gabansa aka sha yin ta. Ya san muddin tsohon yana nan, rijiya tana nan, lambunsa ma yana nan. Shi ma yana son akuyar. Akwai wata kusurwa a shingen da ya raba lambunan biyu, kusa da kabejinsa, inda ƙayar ta ɗan buɗe daga ƙasa. A nan yake miƙa mata ganyen kabejin da ya cire, ta zuro kai ta karɓa. Har ta saba, ko ba ya nan sai ta je ta leƙa.

A shekara ta biyu zomaye suka gano lambun. Yaya ya zo wata safiya ya tarar da dashen latas kunya biyu an cinye har ƙasa, kamar an bi da aska. Washegari suka taɓa karas. Ya toshe ɓulolin shinge, suka buɗe wasu. Ya kafa sanda ya rataya mata tsohuwar rigarsa ta aiki, da safe ya ga kashin zomo a gindinta. Da abin ya ishe shi sai ya kai kuka wurin tsohon.

Baba Mai Rijiya ya shiga ɗaki ya fito da wani ɗan naɗi na siririyar wayar tagulla, irin wadda ake warwarowa daga cikin mataccen injin fanka. Ya zauna a kan turmi ya nuna masa yadda ake yi. Ya haɗa sili huɗu ya murɗa su wuri ɗaya, ya yi ɗan ido a baki guda, ya zura ɗaya bakin a ciki, zarge ya fito. Ya ce faɗin zargen kada ya wuce dunƙulen hannu, tsayinsa daga ƙasa yatsa huɗu, a ɗaure shi a turken itace, a shafe shi da ɗanyar ƙasa don ƙyallin ya dushe, warin hannu kuma ya tafi. Ya ce tagulla ba ta tsatsa, inda ka lanƙwasa ta nan take tsayawa, kuma tana zamewa da sauri idan zomo ya sa kai, ba ya daɗewa yana wahala. Sannan ya ƙara da cewa tana da wani amfani da ya fi waɗannan duka, wato tana tsinkewa.

Yaya ya karɓi wayar ya lanƙwasa ta da yatsa biyu, ya yi murmushi.

"Baba, wannan ai a wurin aikinmu shara ce."

"To, Injiniya, zomo bai yi makarantarku ba. Bai san shara ba ce."

Suka kafa tarko shida a hanyoyin da zomayen ke bi. Cikin mako guda aka kama uku, ɓarnar ta ragu. Amma abin bai kwanta wa Yaya ba. A rana ta takwas ya tarar da tarkon kusurwar kabeji a tsinke, turken yana nan, zargen babu. Ya ɗauki guntun wayar ya tafi wurin tsohon kamar mai kai shaida gaban alƙali. Ya ce ga abin da yake faɗa, zomo ya shiga ya fita da kayan mutane a wuya.

Tsohon ya bi shi har wurin, ya durƙusa da ƙyar, ya dubi ƙasa. Ya nuna masa sawun kofato biyu a cikin laima.

"Ba zomo ba ne. Gimbiya ce ta sa ƙafa, ta fizga, ta wuce. Ga ta can tana cin ciyawa, ko ɗingishi ba ta yi. Wayar ta yi aikinta."

"Waya ta tsinke, ka ce ta yi aikinta?"

"Zomo aka aike ta ta kamo. Duk abin da ya fi zomo ƙarfi ba nata ba ne, sai ta sake shi. Hanyar nan ba zomo kaɗai ke bin ta ba. Akwai kyanwa, akwai karen mutane, akwai wannan marar jin magana."

Yaya ya gaya mini daga baya cewa ya ji maganar da kunnensa sarai, amma abin da ya shiga zuciyarsa shi ne tsoho yana kare kayan aikinsa marar inganci. A ganinsa abin da ya tsinke ya gaza ke nan, babu wani suna da za a ba shi. Ya koma gida da niyyar nemo wayar da ta fi.

Ya fara da baƙar wayar da magina ke ɗaure rodi da ita. Kwana uku raɓa da ruwan ban ruwa suka sa ta tsatsa, ta ƙi zamewa. Zomo ya sa kai ya ture ta ya wuce, sai 'yan gashi ya bar masa. Ya ƙona tsohuwar taya ya ciro wayar ciki. Ita kuma ta ƙi tsayawa yadda aka lanƙwasa ta, da ya sake ta sai ta miƙe, har ta tsaga masa babban yatsa. Matarsa tana ɗaure masa yatsan ta ce, zomo uku tsoho ya kama da shara, injiniya kuma ya kama yatsa ɗaya da ilimi. Ya ce ta jira ta gani.

Abin da ya samo a ƙarshe wayar birkin keke ce. Siraran silin ƙarfe ne masu yawa aka tufka wuri ɗaya, tana da santsi, ba ta saurin tsatsa, hannu ba ya tsinka ta. Bai tsaya nan ba. Ya lura zargen tsohon yakan ɗan saki idan abin da ke ciki ya daina ja, sai ya huda wani ɗan guntun ƙarfe ya lanƙwasa shi, ya zura wayar ta ciki, yadda zargen zai matse amma ba zai koma baya ba. Ya faɗaɗa shi ya kusa ninka na tsohon, wai kada babban zomo ya kuɓuce. Maimakon turken itace ya yanko rodi, ya buga shi cikin ƙasa kusan kamu guda. Kafin ya kai lambu sai da ya gwada a gida: ya rataya bokiti cike da yashi, wayar ba ta ko motsa ba. Ya ɗaura ta a ƙarfen taga ya ja da duk nauyinsa. Ranar ya ci abinci da daɗi.

Tarko goma ya kafa, huɗu daga ciki a jikin shingen da ke tsakaninsa da tsohon. Kuma tarkon ya yi kamu, wannan ba a musu. Kwana biyar, zomo shida. Latas ya sake tohowa.

A rana ta shida ya kira Baba Mai Rijiya ya zo ya gani. Tsohon ya ɗauki ɗaya, ya zura sandarsa a cikin zargen ya ja. Ya yi ƙoƙarin sassauta shi da yatsu, ya kasa. Ya gwada jijjiga rodin, ko gezau. Ya daɗe yana kallon abin.

"Aiki ya yi kyau," in ji shi. "Amma wannan ba tarkon zomo ba ne, Injiniya. Tarkon duk abin da Allah ya kawo ne."

Yaya ya ce ai Gimbiya ta riga ta ji jiki sau ɗaya, ba za ta sake zuwa ba. Tsohon ya ce akuya ba ta da wannan hankalin, inda ta taɓa cin daɗi nan take komawa. Bai yi faɗa ba, bai kuma ambaci rijiya ba. Abu ɗaya ya roƙa: lambun Yaya nasa ne, ya kafa abin da ya so a sauran ɓangarorin, amma ya cire na jikin shingensu. Yaya ya ce to. Tsohon ya ce zai ɗaure akuyar har sai an cire.

Kwana biyu Gimbiya tana ɗaure a gindin lemo tana kuka, don ba ta saba da igiya ba. Yaya ya cire tarko uku. Da ya zo kan na huɗu, na kusurwar kabeji, sai ya tsaya. Ta nan zomaye suka fi shigowa, rabin kamun da ya yi a nan ne, kabejin kuma ya fara naɗewa. Ya ce a ransa kwana biyu kawai zai ƙara, ya gama da sauran, sannan ya cire. Ya jawo ganyen kabewa ya rufe rodin.

Da ya je ɗiban ruwa tsohon ya tambaye shi, "Ka cire?"

"Na cire, Baba."

Tsohon ya yi masa godiya, ya je ya kwance akuyar.

Washegari da hantsi Yaya ya zo gidana da zomo biyu gyararru a cikin leda. Na daɗe ban gan shi cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya zauna a falo ya zana mini tarkon a bayan wata takardar jarrabawa da nake dubawa, ya bayyana mini yadda ɗan ƙarfen ke hana zarge komawa. Na tambaye shi, idan wani abu da ba zomo ba ya shiga fa? Ya ce, "Auta, ke ki tsaya ga allonki da alli." Na yi dariya na bar maganar, don ni ma na saba barin masa maganar ƙarfe. Daga nan ya ji famfon kicin ɗina yana ɗiga. Ya buɗe jakar kayan aikinsa, wadda ba ya rabuwa da ita, ya fito da filaya da sufana. Ya gyara famfon, ya gyara makullin ƙofa, ya duba wayar firji. Sai bayan la'asar ya tafi.

Da ya isa lambu bai ga tsohon a bakin rijiya ba. Ya hango shi a kusurwar kabeji, a durƙushe, ya ba shi baya. Gimbiya tana kwance a gefensa, kanta a cikin ɓular shinge, ƙasar wurin duk ta tone da kofato. Ta riga ta mutu. Hannuwan tsohon duk jini, farcensa biyu sun fita. Wuƙarsa ta yankan ganye tana ƙasa, bakinta ya zama kamar zarto.

Tun azahar abin ya faru. Tsohon ya ji kukanta, ya zo da gudunsa na tsufa, ya same ta da rai. Ya ja zargen, ya ƙi saki. Ya sa wuƙa, ta ƙi yanka. Ya kama rodin da hannu biyu, ya ƙi fita. Duk fizgar da ta yi, wayar sai ta ƙara shiga. Ya yi kira, babu kowa a kusa a wannan lokaci na rana. Wuƙa tana hannunsa, da ya so da ya yanka akuyar ya huta da ganin wahalarta, amma bai iya ba, a kan wayar ya ƙarar da kaifin. Abin da zai raba ta da zargen cikin ƙiftawar ido filaya ce, ita kuwa tana cikin jakar Yaya, a kicin ɗina.

Yaya ya matso kusa. Tsohon ya ɗago ya dube shi. Babu fushi a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Ba ta tsinke ba, Injiniya," ya ce. "Ba ni filayar."

Tsohon ne ya yanke wayar da kansa. Suka haƙa rami a gindin lemo suka binne ta, Yaya yana haƙa, tsohon yana zaune. Kafin rana ta faɗi Yaya ya bi lambunsa ya tumɓuke duk sauran tarkon. Rodin kusurwar sai da ya haƙa kewayensa kafin ya fita, don da kyau ya buga shi.

Bayan kwana uku ya je kasuwa ya zaɓo akuya mafi kyau da ya gani, babba, mai ciki, ya jawo ta har ƙofar tsohon. Baba Mai Rijiya ya fito ya shafa bayanta, ya yaba, ya ce a mayar da ita gida, matar Yaya za ta ji daɗinta. Yaya ya nace, ya durƙusa, ya ce a yafe masa.

"Na yafe tun ranar," in ji tsohon. "Waya kuskure ce, kowa yana yi. Amma na tambaye ka. Da ka ce mini akwai saura ɗaya, da na bar ta a ɗaure ko wata guda ne. Kuka kawai za ta yi."

Wannan ita ce kaɗai maganar da ya taɓa yi a kai. Bai rufe rijiya ba, bai daina gaisuwa ba. Kullum da safe guga yana nan inda aka saba ajiye shi. Sai dai tsohon ya canza. Ya daina fita da wuri, alayyafonsa ya yi fure ba a yanka ba. Yaya ya koma yi masa ban ruwa da cirar ciyawa, matarsa tana aiko da abinci, kwanon yana komawa da rabi. Wani lokaci yakan ji tsohon ya fara magana a bakin ƙofa, sai ya yi shiru a tsakiya.

Ƙarshen wata 'yarsa ta zo. Ta dubi mahaifinta, ta dubi hannuwansa da ba su gama warkewa ba, ta sake yin roƙon da ta saba. Wannan karon tsohon ya waiwaya gindin lemo. Ya ce to.

Ranar tafiya Yaya ne ya ɗaure kayan a mota, ya ɗaure su tamau yadda ya iya. Tsohon ya koma ɗaki ya fito da ɗan naɗin tagullar nan ya sa masa a hannu. Ya ce inda za shi babu zomo, sai tattabarun mutane a kan taga.

Wanda ya sayi filin ba mugu ba ne. Gida yake son ginawa, kuma rijiyar ta faɗo daidai tsakar gidan. Ya bar Yaya ya ci gaba da ɗiba har magina suka tayar da katanga. Bayan nan ya ba shi haƙuri, ya ce ba zai yiwu a riƙa shiga gidan iyali da guga ba. Yaya ya gwada kawo ruwa a jarka a bayan keke daga famfon bakin titi. Sawu shida a rana ba ya isar rabin lambun. Ya yi wata ɗaya yana yi, bayansa ya riƙe, likita ya hana shi. Latas ya fara bushewa, sai karas, sai albasa. Kabejin kusurwa ne ya fi daɗewa. Zomayen ma da suka ga babu abin ci, suka daina zuwa.

Mun ji tsoron zai koma yadda yake a farkon ritaya, kuma ya kusa. Amma wata rana matarsa ta ga ya jera tsofaffin bokitai a tsakar gida yana cika su da ƙasa. Yanzu yana da tumatir bokiti tara da latas a cikin wani tsohon baho. Duk wanda ya fara nuna, sai ya sa a leda ya hau mota, ya hau bene hawa uku da bayan nan nasa, ya kai wa tsohon. Sukan zauna a baranda su yi ta kallon titi. Matarsa ta ce ba ta san me suke cewa ba, shi ma bai faɗa ba.

Kwanan baya na je gidan na same shi yana ɗaure reshen tumatir a jikin kara. Da tagullar nan yake ɗaurewa, sili ɗaya, sako-sako, yadda idan reshen ya yi kauri zai buɗe ta da kansa. Na ce masa, don tsokana, ashe Injiniya ya koma aiki da shara. Bai yi dariya ba, bai kuma ji haushi ba. Ya gama ɗaurin, ya goge hannunsa a rigarsa.

"Auta, shekara talatin da biyu na yi ina koyon yadda abu ba zai tsinke ba," ya ce. "Ko sau ɗaya ban tambayi wa zai kasance a ciki ba idan ya ƙi tsinkewa."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abu mafi ƙarfi ba kullum ne mafi kyau ba. Mafi kyau shi ne wanda ya dace da aikin da aka sa shi, ya kuma san inda aikinsa ya ƙare. Kafin ka kafa wani abu a hanya, ko tarko ne, ko doka, ko magana, ka tuna ba wanda kake nufi kaɗai ke bin hanyar ba, ka bar wa marar laifi mafita. Ƙwarewarka a sana'arka ba ta sa ka fi kowa sani a sana'ar wani, don haka idan wanda ya daɗe a kan aiki ya ce maka rauni yana da amfani, ka tsaya ka tambayi dalili kafin ka gyara masa. Idan kuma aka tambaye ka gaskiya, ka faɗe ta ko da za ta rage maka kamu, domin wani zai kwance abin da yake ƙauna bisa maganarka. Yayana ya so ya tsare lambunsa, sai ya zaɓi wayar da ba ta saki, ya ƙara da kalma biyu da ba gaskiya ba, kuma su ne suka raba shi da lambun da zomaye ba su iya raba shi da shi ba.